Auta Ta Gyara Ɗakin Yaya

Shekara talatin da ɗaya Auta ta yi a ofishin rajista na wata ma'aikata, kuma a tsawon shekarun nan takarda ko ɗaya ba ta taɓa ɓacewa a hannunta ba. Ɗakin aikinta ba shi da taga. Kabad goma sha huɗu ne na ƙarfe, sai tebur, sai abin huda takarda da dunƙulen igiyar fayil. In takarda ta shigo, kallo ɗaya Auta za ta yi mata ta san danginta: wannan ta hutu ce, wannan ta ƙarin girma, wannan ta ƙorafi. Ta huda, ta zura igiya, ta rufe. Abokan aiki suna kiranta Uwar Fayil, wasu a gabanta wasu a bayan idonta, ita kuwa ko a jikinta. A gida Auta ce har yau da furfura ta cika mata kai, don ita ce ta ƙarshe a ɗakinsu, ba kuma wanda ya ga dalilin sauya mata suna.

Ba muguwa ba ce, ba kuma mai girman kai ba. Ciwonta ɗaya ne: ba ta iya ganin abu a warwatse ta wuce. Ko gidan mutane ta je gaisuwa, sai ka ga tana jera musu takalman bakin ƙofa, ƙafar dama kusa da ta hagu. Mijinta, Allah ya ji ƙansa, yakan ce ko hawaye Auta za ta yi sai ta jera su bisa tsari. Bayan rasuwarsa, 'yarta ɗaya tilo ta yi aure a nesa, ita kuma ta yi ritaya. Sai ta tattara kayanta ta koma gidan yayanta, wanda shi ma matarsa ta rasu ta bar shi da ɗakuna uku da tsummoki.

Shekara tara Yaya ya ba ta. Shi ya riƙe ta bayan rasuwar mahaifinsu, shi ya koya mata karatu a kan tabarma, shi ya raka ta neman aikin rajistan. Falsafa ya koyar a wata kwaleji har ya tsufa. Ɗalibai sun sa masa suna Malam Me-ya-sa, domin ko gaishe shi ka yi ka ce kana lafiya, sai ya tambaye ka ta yaya ka sani. Matsalarsa ita ce bai taɓa samun wurin zama a tsakanin abokan sana'arsa ba. In ya rubuta takarda a kan adalci, sai ya fara da labarin wani mai gyaran takalmi, malaman sashensu su ce wannan tatsuniya ce, ya kai wa 'yan adabi. In ya kai wa marubuta labari, su ce labarin yana da daɗi amma me ya kawo lacca a tsakiya. Sau ɗaya ya ɗauki samfurin littafinsa ya kai kamfanin buga littattafai. Editan labarai da ke ƙasa ya tura shi sama wurin editan littattafan ilimi, na sama ya mayar da shi ƙasa. Ya hau benen nan ya sauka sau huɗu a wuni ɗaya, sannan ya dawo gida da takardunsa da ciwon gwiwa.

Bai daina ba. Shekara ashirin da biyu yana kan littafin nan a babban ɗakin da ke kusa da ƙofar gida. Yana da ƙa'idarsa: kowane labari ya ƙare a takarda ɗaya, gaba da baya, da biro shuɗi. Kowane tunani shi ma takarda ɗaya, da biro baƙi. Ba ya sa lambar shafi, ba ya sa kwanan wata. Takardun suna jibge tsibi-tsibi a ƙasa, a kan kujera, a kan taga, wasu an danne su da kofi, wasu da dutse. In Auta ta leƙa ɗakin har tsigar jikinta tashi take yi.

Wata rana ta kai masa shayi ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Yaya, wai littafin nan naka na labari ne ko na karatu?"

Ya ɗago kai yana dariya. "Kabad kike nema masa, ko?"

"Kowace takarda ai tana da gidanta."

"Auta ke nan. Hujja tana gaya miki abin da ya dace. Labari shi ke nuna miki wanda abin zai faɗo wa a ka. In kin raba su, ɗaya ya zama azzalumi, ɗaya ya zama ɗan hira. Ajiye shayin a nan, kar ki taɓa mini komai."

Ta ji, amma irin jin da ake yi wa rediyon maƙwabta. Ba ta taɓa karanta takardar Yaya ko ɗaya ba. Ita a saninta ba a karanta takarda har ƙarshe, kanta kawai ake dubawa a san inda za ta.

Da safe abin ya same shi, a bakin famfo, buroshi na hannunsa. Shanyewar ɓarin jiki. Hannun dama da ƙafar dama suka mutu, magana ta ɗauke. Kwana goma sha tara ya yi a asibiti. Da sallama ta matso, likita ya kira Auta ya ce a shirya masa ɗaki mai fili wanda keken marasa lafiya zai iya juyawa a ciki, kusa da ƙofa, babu ƙura. A gidan kaf ɗaki ɗaya ne ya cika wannan sharaɗi.

Allah ya sani da zuciya ɗaya ta yi. Tana aikin tana hawaye, tana cewa a ranta ga abin da za ta iya yi wa Yaya, tunda ba za ta iya mayar masa da hannunsa ba. Ta kwashe tsibin nan duka ta zube a kan tebur. Nan take idon Uwar Fayil ya ga abin da ya saba gani: iri biyu ne a cakuɗe, shuɗi a kan baƙi, baƙi a kan shuɗi. Ta ce, "Kai, Yaya! Littafi biyu ne ma ashe ya hargitsa." Ta ware shuɗi gefe, baƙi gefe. Kowanne ta jera shi bisa harafin farko na kalmar farko, kamar yadda ake yi a rajista. Ta huda, ta zura igiya. Shuɗi ɗari biyu da talatin, baƙi ɗari biyu da talatin. Daidaituwar adadin nan har daɗi ta yi mata, ba ta kuma tsaya ta tambayi kanta me ya sa suka zo daidai ba. Kwana biyu ta yi, ta share, ta goge, ta ɗora fayil biyu masu ƙyalli a kan tebur inda zai gan su daga gado.

Da aka turo shi cikin ɗakin, ya dubi ƙasa, ya dubi kujera, ya dubi taga. Auta ta ɗauko fayil ɗin da murmushinta ta buɗe masa a cinya.

"Ga su nan, Yaya, ko ɗaya bai ɓace ba. Labarai daban, na karatu daban."

Ya juya takarda uku da hannun hagu. Sannan wata ƙara ta fito daga maƙogwaronsa, wadda Auta ba ta taɓa jin irinta a bakin mutum ba. Ya yi ta dukan hannun keken har fayil ɗin ya zame ya faɗi. Ya nuna shuɗi, ya nuna baƙi, ya haɗa yatsu biyu ya matse su, ya sake, ya sake. A nan Auta ta gane. Ba hargitsi ba ne ta tarar a ɗakin. Kowane labari yana kwance ne a kan tunanin da aka rubuta dominsa, wannan jerin kuwa shi ne littafin. A ƙwaƙwalwar mutum ɗaya kawai yake, mutumin kuma ba ya magana, ba ya rubutu.

Washegari ta kira wani tsohon ɗalibinsa wanda yanzu shi ne shugaban sashen falsafa. Ya zo da tumbinsa da tabarau, ya gaishe da malaminsa, ya yi awa biyu yana juya takardu. Daga ƙarshe ya cire tabarau ya ce, "Mama, gaskiya baƙaƙen nan kaɗai za a iya fitar da maƙala biyar masu kyau. Shuɗayen kuwa a ba wani marubuci ya duba." Yaya ya juyar da fuska bango, bai sake juyowa ba har mutumin ya fita. Auta ta raka shi ƙofa, ta yi masa godiyar da ba ta kai zuci ba.

Daga ranar ta ɗaura ɗamara. Ta kwance igiyoyin, ta jawo kujera gaban gado. Ta ce, "Yaya, zan karanta maka shuɗi ɗaya, sannan in bi baƙaƙen ɗaya bayan ɗaya. In na zo kan nasa, ka gyaɗa kai. In ba shi ba ne, ka girgiza." Ya gyaɗa.

Labarin farko na wani direban bas ne wanda kullum da safe yake tsayawa minti biyar a wata kwana yana jiran wata tsohuwa mai ɗingishi, mutum talatin kuma suna makara aiki saboda ita. Auta ta bi baƙaƙen tun daga harafin farko, yadda ta jera su. Yaya yana girgiza kai, yana girgiza kai. Kwana uku suka yi a kan direban nan, muryarta ta dushe. Ta lissafa a ranta, ta ga in haka za a tafi sai su shekara biyu ba su gama ba, likita kuwa ya riga ya gaya mata a tsaye a baranda cewa zuciyar Yaya ba ta da irin wannan lokacin.

Dole ta sa Uwar Fayil ta yi abin da ba ta taɓa yi ba: ta zauna ta karanta takarda har ƙarshe don ta gane abin da take faɗa. Ta karanta baƙaƙen nan duka, sau biyu, da yatsa a kan layi. Da farko kanta ciwo yake yi. Kalmomin duk ta san su, amma in sun haɗu sai su ƙi ta. A hankali ta fara ganewa. Ta ware guda uku da take ganin za su dace da direban. Ta karanta wa Yaya ta adalci, wadda ke cewa alherin da ka yi da lokacin wasu ba naka ba ne. Da ta ɗora ta a bayan labarin, sai direban ya zama ɓarawo a idonta. Yaya ya girgiza kai. Ta karanta ta jinƙai, sai direban ya zama mutumin kirki, fasinjojin su zama marasa imani. Ya girgiza da ƙarfi har da tsaki. Ta uku ba ta ma sa rai da ita ba. A kan sabo take, tana tambaya ko aikin da mutum ya yi sau dubu har yanzu zaɓinsa ne, ko kuwa ƙafarsa ce kawai ta saba taka birki a wurin. Yaya ya gyaɗa kai, hawaye ya gangaro ta gefen fuskarsa mai rai.

Auta ta daɗe riƙe da takardun biyu. Labarin bai sauya ko harafi ba, amma mutum uku daban ta gani a kujerar direban nan cikin rabin awa. Sai a lokacin ta san girman ɓarnar da ta yi, ta kuma san abin da yayanta ya shekara ashirin da biyu yana yi a ɗakin da ita take ganin juji ne. Kunya da baƙin ciki suka rufe ta, ta shiga kicin ta yi kuka mai isarta, ta wanke fuska ta dawo ta ɗauki shuɗi na biyu.

Haka rayuwarsu ta koma. Da safe ta goge masa jiki, ta ba shi magani, ta ɗura masa abinci da cokali, sannan aiki har azahar. In ya gaji ya rufe ido, ita ta ci gaba da karatu ita kaɗai. Ta daina zuwa ko'ina. Maƙwabta suka ce Auta ta zautu. 'Yarta ta bugo waya ta ce, "Mama, don Allah ki bar takardun nan, ki kula da kanki. Kawu ma hutu yake bukata." Auta ta ce, "Ni na kashe masa littafi, ni zan tayar," ta kashe wayar.

Yaya ba malami ne mai sauƙi ba ko da lafiyarsa, balle yanzu. In ta kawo zaɓin da bai yi ba, yakan harare ta da ido ɗaya, wani lokaci ya ture takardar. Akwai labarin wani maƙerin makullai da ke riƙe da kwafin mabuɗin gidaje ɗari bai taɓa shiga ko ɗaya ba. Sau goma sha ɗaya tana kawo masa baƙi yana ƙi. Har ta fusata ta ce, "Haba Yaya! Ai duk maganar amana ce, ɗauki ɗaya mana!" Ya yi wani sauti da ta tabbata dariya ce. Ranar ta ji daɗi kamar an yi mata kyauta.

A wata na biyu suna haɗa biyu ko uku a rana. A wata na uku abin ya fara gudu. Auta ta kama bakin zaren, ko dai haka ta ɗauka. Sai ta karanta shuɗi, ta ɗan yi shiru, hannunta ya tafi kai tsaye kan baƙin, ta karanta, Yaya ya gyaɗa kai. Biyar a rana, takwas, har sha biyu. Tsibin da aka gama ya yi tsawo a kan tebur, wanda ya rage ya koma siriri. Ta fara tsokanarsa. "Ka gani ko, Malam Me-ya-sa? Da tun farko ni ka ɗauka aji, da yanzu ni ce shugabar sashe." Shi kuwa yana ta ramewa, wuyansa ya zama kamar na kaza, amma kan yana gyaɗawa, ita kuma abin da take kallo ke nan.

Saura goma sha bakwai, wata ranar Talata da hantsi, iska ta shigo ta taga ta zubar da 'yan takardu. Auta ta tsince su, ta karanta labarin wata mata mai wanki, ta ɗauki baƙi ta karanta. Yaya ya gyaɗa kai. Za ta haɗa su ke nan ta ga ashe kuskure ta yi: wannan baƙin na maƙerin makullai ne, daga tsibin da aka gama ya faɗo, wanda suka sha wuya kafin su samu.

Ta dubi Yaya. Ta ce a ranta ƙila gajiya ce. Ta ɗauki wani baƙin da ba abin da ya haɗa shi da mai wanki, ta karanta a hankali. Ya gyaɗa kai. Ta ɗauki wani. Ya gyaɗa. Ta jawo takardar da ke cikin kwalin maganinsa, ta karanta masa da muryar da take karanta tunaninsa: ƙwaya ɗaya bayan abinci, a ajiye nesa da rana. Ta yi shiru ta dube shi. Ya gyaɗa kai a hankali, idonsa a kan bakinta.

Likita ya zo bayan la'asar. Ya haska masa ido, ya tambaye shi abubuwa, ya ja Auta waje. Ya ce da alama wani ƙaramin bugun jini ya sake samunsa a ƙwaƙwalwa, irin wanda ba ya kayar da mutum, sai dai ya ɗauke fahimtar magana. Yana jin murya, yana gane lokacin da aka yi shiru ana jiransa, sai ya ba da amsar da jikinsa ya saba.

"Tun yaushe, likita?"

"Ba zan iya cewa ba. Ƙila sati biyu, ƙila shida."

"A'a, ka duba dai. Ai akwai na'ura. Rana nake so, ranar kawai."

"Mama, ko an yi hoto ba zai ba mu rana ba. Kuma ki shirya, jikin ya yi nisa. Kwanaki ne."

Ta koma ɗaki ta tsaya a gaban tsibin. Ɗari biyu da goma sha uku. Na ƙasa na Yaya ne, wannan ba shakka. Na sama nata ne. A wani wuri a tsakiya littafin ya fita daga hannunsa ya koma nata, kuma ba alama. Ta zauna a ƙasa tana ƙoƙarin tuna ranar ƙarshe da ya girgiza mata kai. Ranar da aka ɗauke ruwa ne? Kafin 'yarta ta bugo waya ko bayan? Ta matsa ƙwaƙwalwarta har kanta ya sara, ba ta samu ba. Tana can tana murnar ta iya, ba ta lura da ranar da yayanta ya daina ce mata a'a ba. A duniya ba abin da take so yanzu irin harara ɗaya daga idon nan.

Ta ɗauki tsibin tun daga tsakiya tana karantawa, ko za ta ji inda muryar ta sauya. Kowane haɗi ya zauna daram. Wannan ne ya fi firgita ta, domin ta riga ta gani a kan direban bas cewa haɗi yana iya zama daram kuma ba shi ba ne.

Rana ta yi sanyi, masu tashi daga aiki suna wucewa ta bakin taga. Auta ta ajiye takardun, ta matsa gaban gado ta durƙusa, ta kama hannunsa na hagu. Wata huɗu ke nan ba ta roƙe shi gafara ba. Jira take ta gama, ta ɗora masa littafinsa cikakke a cinya, sannan ta roƙa da bakin da ya isa.

"Yaya," ta ce, "ni ce, Auta. Na ɓata maka aikin shekara ashirin da biyu. Na so in gyara, ban sani ba ko na gyara ko na ƙara ɓatawa. Don Allah ka yafe mini. Ka yafe?"

Ya dubi bakinta. Da ta yi shiru, ya gyaɗa kai.

Ta sunkuyar da kai a kan katifa tana kuka. Da ta bar shi a nan, da ta samu abin riƙewa har ƙarshen ranta. Amma shekara talatin da ɗaya ba ta taɓa rufe fayil ba tare da ta tabbatar ba. Ta ɗago, ta share ido da gefen mayafi.

"Ko ba ka yafe ba, Yaya?"

Ya gyaɗa kai.